Rasuwar Hajiya Karafan a Hannun Magini

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da katifa mai cike da ruwa, ni Sha'aban direba nake sanar da 'yan'uwa mazauna unguwannin Utaiƙa da Manfuha a nan Riyad rasuwar uwar ɗakina, Hajiya Karafan, wadda rufinta ya rufta da hantsin ranar Talata a bayan kasuwar kayan gwari. Yoyo ne ya kwantar da ita, amma magani ne ya kashe ta.

Ga wanda bai san marigayiya ba, ɗaki ce mai taya, irin wanda Larabawa ke ɗaura wa mota su ja zuwa sahara lokacin sanyi. Ta yi ƙuruciyarta a hannun kafilina, Balaraben da nake wa aiki. Da ya sayi sabuwa a 2014 ya ce in ja ta in yar. Na ja ta, ban yar ba. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin haya na Manfuha, ƙafar wani ƙato a bakin hancinsa, ya san abin da na samu: ƙofa tawa ta kaina, ba minsharin kowa sai nawa.

Marigayiya mai kawaici ce. Ba ta taɓa tambayata iƙama, takardar zaman ƙasa, ba, ba ta taɓa cinye min ragowar shinkafar kabsa ta ce ɓera ne ba. Maganarta ba ta wuce "ƙiii" in an buɗe ƙofa, sai a ƙarshen rayuwarta da ta ƙara da "ɗis, ɗis".

Ruwan Riyad ba ya zuwa da yawa, amma in ya zo kamar da gayya. Ɗigon ya fara a kan filona. Na bi tagogi na liƙe su da gam ɗin silikon. Na hau sama da buta ina zubawa, ina saukowa in duba, sai ɗigon ya bar kaina ya koma ƙafata. A nan na gane yoyo munafuki ne, inda yake shiga daban, inda yake fita daban.

Ana haka tsautsayi, wanda ba ya wuce ranarsa, ya kawo min Issoufou, magini ɗan Damagaram, mutumin da kansa bai taɓa ɗaukar abin da ya fi hula nauyi ba. Ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa, ya ce da guntun Larabcinsa, "Mafi mushkila, ba matsala, Malam Sha'aban. Soro dai soro ne. Na kakana ma ni nike yaɓewa kowace damana, bai taɓa ɗiga ba."

Ya kwaɓa siminti buhu-buhu, ya yaɓe rufin gwangwanin da bai fi faifai kauri ba. Ya tayar masa da rawani a kewaye, har da zanko a kusurwa don ado, ya sa indararo. Wuri ɗaya ya bari bai taɓa ba, 'yar tagar da ke saman rufin, wai don baiwar Allah ta sha iska.

Tun ranar ta fara nishi, tayoyinta suka durƙusa. Da ruwan Talata ya sauko, indararon ya riga ya toshe da simintin mai shi, rawanin ya tare ruwa, kan Hajiya ya zama tafki. Ina wurin aiki. Masu tumatir da suka halarci cikawarta sun ce kalmarta ta ƙarshe "rugugum" ce.

Da aka duba gawa, an samu ciwon: robar da ke kewaye da 'yar tagar nan ce ta tsage, tsawon ɗan yatsa. Duk faɗin rufin, nan kaɗai ke yoyo, nan kaɗai likita ya tsallake. Da ya zo ta'aziyya ya dafa kafaɗata ya ce, "Amma ka duba, simintin ko tsagewa bai yi ba." Gaskiyarsa. Ya sauko lafiya lau, dunƙule guda, a kan gadona.

Ta rasu ta bar tayoyi biyu, ɗaya ba numfashi, da bokitin da ya yi jinyarta, da kyankyasai 'ya'ya da jikoki, waɗanda tuni suka sami sabon gida. Ta kuma bar ni, wanda bai samu ba. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗi.

Za a ɗauki gawa ranar Alhamis bayan la'asar zuwa wurin masu yankan ƙarfe, bayan an sauke mata simintin. Wanda ya ɗora shi zai sauke, da hannu. Ba a bukatar magina a wurin jana'iza.

Zaman makoki kuwa a Manfuha za a yi, a ɗakin Issoufou, a kan katifarsa, kusa da na'urar sanyaya ɗaki. Ba a sa ranar tashi ba. Shi kuma, tunda gwanin rufi ne, an kai masa tabarmarsa saman bene. An ce akwai hadari.