Ranar da Shanun Inna Hajjo Suka Sa Ni Tuba

Ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, ba na jin zan manta da ranar da aka tura ni wata ruga a bayan Gwashi. Gobarar daji ta lashe musu wuraren kiwo kaf, gwamnati kuma ta ce za ta ba da tallafin dusa da kanwa, amma sai malamin dabbobi ya ga shanun da idonsa. In bai gani ba, ko buhu ɗaya ba za a ba su ba. Ni ne malamin, sabon ɗauka, ina ji da kaina.

Na hau babur, na goya ƙunshin kanwa a baya don su ga irin wadda za a kawo, na naɗe fuska da baƙin rawani saboda toka. (Ku riƙe rawanin nan, shi ya ja mini.) Har tsakiyar ruga na shiga babur yana ƙugi, wai don su san ma'aikaci ya iso.

Babu kowa. Rana tsaka ce, amma ko kukan kaza ba ka ji. Ga tukunya a murhu tana tafasa, ga ƙwaryar nono da ludayi a ciki, ga takalmin yaro ƙafa ɗaya. Na yi sallama, shiru. Duk inda na waiga baƙar ƙasa ce da kututture masu hayaƙi. Sai na tuna Innata ta sha gaya mini da tsakar rana aljanu ke cin kasuwarsu. Gaskiya na tsorata. Na kware rawani ina share gumi.

Nan na ji wata siririyar murya daga bakin kwazazzabo, doguwa, ita ba kuka ba ita ba waƙa ba. Can sai ƙahoni suka fara ɓullowa. Farare fat, ramammu, suna tafe cikin toka ba a jin takunsu, kuma duk ni suka nufa. Na buga babur, ya ƙi tashi. Suka kewaye ni, na ji wani abu mai kaushi yana lasar bayana.

Jama'a, durƙusawa na yi. Na kama Ayatul Kursiyyu ta kwance mini a tsakiya, na koma Fatiha, daga nan na ware murya: "Na tuba! Aiko ni aka yi! Wayyo Inna!"

"Tashi, ɗana. Kanwa su ka biɗa, ba kai ba."

Wata tsohuwa ce tsaye a kaina, Inna Hajjo, mai garken. A bayanta mata da yara na ta fitowa daga kwazazzabon, jikinsu duk toka.

"Da munka ji babur, munka hango baƙin rawani, sai munka kora shanu munka ɓoye," in ji ta. "Da ka buɗe huska na gane malamin da Arɗo yac ce za a turo ne, shi ya sa na kira su ka gani."

Yara suka bushe da dariya, kowa na kwaikwayon "na tuba". Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Don in rage kunya na ce ai kowa ya ga abin da na gani dole ya tsorata.

Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kai naka tsoron ya wuce. Mu ko gobe munka ji babur, gudu za mu yi."

Dusa dai ta iso musu, don ba mai cewa ban ga shanun nan ba, har harshensu na sani. Tun daga ranar, in zan shiga ruga tun daga nesa nake kashe babur, in buɗe fuska, in tura shi da hannu. Kanwa kuwa ba ta ƙara hawa bayana ba. Sunan ne dai ya ƙi goguwa: har yau a can Malam Na-Tuba suke ce mini.