Ƙafar Atiku da Tayoyin Damina

"…lahiya lau, ya mutanen Gwandu? Ya ƙahwar Inna? A'a, tsaya! Wa yab ba bawana izinin zama bisa bencina?"

Haka Lukuman ya katse gaisuwar tun ban gama amsawa ba. Lukuman mai faci ne a bakin tashar Kalgo, kuma taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya. Ni ne ɗan mace, don haka tun muna yawo ba wando yake kirana bawansa, ni kuwa har yau ban amsa sunan ba. Farkon daminar 1993 ce, ruwa ya sauka sau biyu, na kawo a-kori-kurar maigidana Alhaji Umaru a cire mata tayoyin rani a ɗaura na damina, masu kauri da manyan haƙora, waɗanda ke jibge a bayan rumfar Lukuman tun kaka.

Ba da kwanciyar hankali na zo ba. Bara sababbin tayoyin damina biyu na fasa a hanyar Diggi. Da zan fito yau Alhaji ya kira ni zaure ya ce, a hankali yadda ya saba, in na fasa ko ɗaya bana in ajiye masa makullinsa. Shekara goma sha tara makullin nan yana aljihuna, da shi nake ciyar da baki tara. Tsoro nake ji ƙwarai, amma gara in mutu da Lukuman ya gani a fuskata.

"Bencin ga da kat tsinto bayan makaranta?" na ce. "Tashi ka ɗauko jak, maigida ya iso."

"Maigidan wa? Direban da akuya ka wucewa bisa hanya? Ran nan wata mata tac ce mani ta hau motakka Gwandu da goyo, kahin ku kawo Kalgo yaron ya yi gemu."

"Kai hwa? An ce in ka liƙa faci da sahe, sai mai mota ya tara malamai a roƙa mashi ya kai azahar."

"Yana kai la'asar in ba kai aka ba tuƙi ba."

Yana zagina yana aiki, don shegen hannu ne da shi, wannan kam ba zan hana shi ba. Kafin in gama tauna goro ya ɗaura huɗun, ya ba su iska, ya sauke jak. Sai ya zaro geji daga aljihun gaba, wani ɗan ƙarfe kamar alƙalami, wanda in an danna shi a bakin bawul farin tsinke ke fitowa da lambobi a jiki.

"Mai da alƙalaminka aljihu," na ce. "Ƙahwag ga tawa ta hi gejin Turawa. Harbi guda in gaya maka abin da ac ciki."

Kuma ba ƙarya ce zalla ba. A tashar Gwandu direbobi kan kira ni in harba musu taya, in na ce a ƙara a ƙara, in na ce ta isa ta isa. Har wani ya taɓa cewa a rubuta sunan ƙafata a ƙungiya.

"To bismilla," in ji Lukuman, ya ja baya ya harɗe hannu. "Ga su nan huɗu. Malama ƙahwa ta yi muna karatu."

Na naɗe riga, na gyara hula, na bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba faretin sojoji. Dum! "Ta cika." Dum! "Wagga ma." Dum! "Wagga a ɗan rage mata." Na zo ta baya ta hagu na ɗirka mata wanda sai da babban yatsana ya amsa. "Wagga ita ta hi su duka ƙoshi."

Lukuman ya durƙusa ya danna geji a wadda na yaba. Tsinke ya leƙo kaɗan, kamar mai jin kunya.

"Wadda kac ce ta hi su ƙoshi ko ashirin ba ta kai ba. Arba'in aka so. Da gangan nib bar ta da yunwa."

"Gejinka ya sha rana."

"Ƙahwakka dai ta sha rani. Wata takwas tana harbin tayar rani mai laushi, ta saba da ita. Wagga ko dubi kaurinta! Ko babu iska ciki sai ta amsa maka dum. An sake taya, ba a sake ƙahwa ba. Kai, ko rijiya kah harba cewa za ka yi ta cika."

"Rijiyar gidanku ko? Wadda kwaɗi sunka yi ƙaura don ƙishirwa?"

Ya yi dariya, amma bai sake ni ba. "Gaya mani gaskiya, bawa. Bara mi yaf faru hanyar Diggi?"

Abin da ya faru kowane direban ƙauye ya san shi. In za ka shiga fadama sai ka sace wa tayoyi iska su baje, don kada laka ta riƙe ka. In ka fito sai ka ɗauko famfon hannu ka mayar musu kafin ka hau kwalta. Ni ma na mayar, na harba, suka ce dum, na hau kwalta da buhun shinkafa ashirin a baya da rana tsaka. Taya mai yunwa da kaya a kai zafi take ɗauka har ta fashe. Sau biyu aka yi haka, mako uku tsakani. Haka na zayyana wa Lukuman.

"Alhaji ko mi kac ce mashi?"

"Na ce ƙusa ta."

"Na biyun hwa?"

Na dubi sama. "Na ce aikin wani mai faci na, nan Kalgo."

"La ila! Ni? Ashe shi as sa Alhaji ya bar amsa gaisuwata ran kasuwa! To bai saya maka geji ba, duk dukiyag ga?"

"Ya saya. Ya ɓace."

Ban rufe baki ba ya buɗe ƙofa ya ja aljihun gaban mota. Ya ture takardu, ya ture tsumma da busasshen goro, sai ga geji sabo ful, ko ledarsa ba a yage ba. Ya ɗaga shi sama kamar wanda ya kama ɓarawo.

"Ga ɓatacce ya dawo gida. Amshi, gwada da kanka, ka karanta mani."

Na karɓa na durƙusa na danna. Tsinke ya fito. Na kawo shi kusa, na kai shi nesa, na miƙe hannu har kafaɗa ta yi ƙara. Abin da ban gaya wa kowa ba, har matata, shi ne shekara biyu ke nan ƙananan rubutu sun daina tsaya mini. Nesa kam ina hango kaza tun tana shawarar tsallaka titi, amma lambobin nan sai su haɗe su zama toka-toka. Na kuma san Alhaji, in ya ji an haɗa direba da ido a magana ɗaya, ba zai tsaya tambayar na kusa ne ko na nesa ba. Shi ya sa na ɗaukaka ƙafa na mai da ita sarauniya.

"Nawa?" in ji Lukuman.

"Lahiya lau take."

"Lamba nika tambaya."

"Rana ta shiga mani ido."

"Cikin inuwa muke, Atiku."

Kunya ta rufe ni har wuya. Na jira ya ƙwala wa 'yan tasha kira su zo su ga direban da ba ya ganin abin da ke hannunsa, don da ni ne na kama shi haka, wallahi da na yi.

Bai kira kowa ba. Ya karɓe gejin, ya jawo magagari daga akwatin kayan aiki, ya zauna a benci. Sai ya zaro nasa gejin, ya ja tsinkensa waje, ya jera shi da nawa kai da kai, yana lalube da farce. Ya goga ƙaramar tsaga a jikin nawa, ya matsa gaba ya goga ta biyu.

"Ta hwarko ashirin, ta laka. Ta biyu arba'in, ta kwalta. In ka hito hwadama ka yi ta bugun famfo har farcenka ya hwaɗa ta biyu. Ko ka ruhe ido ka iya."

Na sa hannu zan karɓa, yatsana ya goga tsinken nasa. Tsaga biyu ne a jiki, tsofaffi, har sun yi baƙi da datti.

"Lukuman! Wannan hwa?"

"Shekara ukku," ya ce, yana kakkaɓe wando. "Mai hankali magagari ya nema. Wawa ya ruhe nashi cikin leda ya tahi harbin taya."

"Ashe makaho na nib biyo ya yi mani jagora!"

"Makahon da bai taɓa hwashe taya ba. In ka hwaɗi Kalgo, in hwaɗi Gwandu."

Muka yi ta dariya har na zauna daɓas a ƙasa, idona ya kawo ruwa, kuma ba duka na dariya ba ne. Na jawo tiyon iska da kaina na sa wa tayar nan mai yunwa, ina gwadawa ina lalube, har farcena ya faɗa tsaga ta biyu.

"Shi ke nan, na yarda," na ce. "Ka ci ni yau. Ƙahwa ta aje aiki."

"A'a, kak ka sallame ta," in ji Lukuman, ya soka mini gejin a aljihun da makulli yake. "Mai da ta bisa totur. Can mutanen Diggi sunka daɗe suna nemanta."