Kaset Ɗin Bikin Lawali

Ko zan manta shekarar da aka haife ni, ba zan taɓa mantawa da ranar da na ji muryata tana fitowa daga wayar wani malamin makarantarmu ba. Muryar ma ba ta yanzu ba, ta lokacin da nake saurayi, gashin bakina baƙi wuluk. Amma bari in faro muku daga tushe, don in ba ku san Lawali ba, ba za ku gane yadda na tsoma kaina a wannan abin kunya ba.

Ni da Lawali tare muka tashi a Bungudu, benci ɗaya tun daga firamare har kwalejin horon malamai. Ni ne mai ƙoƙarin aji (kowa ya sani, shi ma ya sani), shi kuma Allah Ya ba shi fara'a da sa'a. Da aka ba mu jiha sai ga Lawali ya samu aiki a wata ma'aikata a Gusau, ni kuwa aka tura ni Tsafe in ci gaba da shaƙar alli. Kafin a je ko'ina ya sayi talabijin mai kala, ya sayi bidiyo, ya haɗa da ɗan janareto. A ƙarshen shekarun casa'in, wanda ke da bidiyo a ɗakinsa ya fi mai unguwa jama'a. Duk Asabar in na je Gusau sai in tarar da takalma jibge a ƙofarsa, an ɗauko kaset daga shagon haya, ana kallo ana cewa, "Allah Ya ƙara arziki, Lawali." Ni ma nakan ce amin, amma can cikin maƙogwaro. Ni rediyo gare ni, shi ma sai an mare shi yake magana.

Ba zan ɓoye muku ba, hassada nake yi masa. Ba wai ina so ya rasa ba ne, a'a, so nake in samu wanda ya fi nasa girma, in kuma gayyace shi ya zo ya gani.

Da ya tashi aure ban yi ko shakka ba ni ne babban abokin ango. Har shadda na kai wa tela. Sai kawai na ji wai wani Sanusi ya zaɓa, abokin aikinsa, mutumin da bai san ko sunan kakar Lawali ba, amma yana da mota. Na haɗiye. Ban gama haɗiyewa ba aka ce wai an ɗauko mai kamara daga Gusau, zai ɗauki bikin a kaset. A unguwarmu ba a taɓa yin haka ba. Tsofaffi har wanka suka sake.

Ranar ɗaurin aure aka kafa rumfa a ƙofar gidansu, aka ajiye wa ango wata kujera mai laushi a tsakiya, kamara kuma tana tsaye kan ƙafafunta uku tana fuskantar kujerar. Duk inda Lawali ya juya Sanusi na manne da shi, yana gyara masa wuyan riga kamar shi ya haife shi. Ni ina can gefe kusa da randar ruwa, da sabuwar shaddata da ba wanda ya ce kanzil a kanta.

Da aka kira azahar kowa ya miƙe. Lawali ya cire sabuwar hularsa don kar ruwan alwala ya taɓa ta, ya ajiye a kan kujera. Mai kamara ya bi jama'a. Sanusi ya waiwayo ya ce da ni, "Malam, tunda kai ɗan gida ne, ka ɗan tsare muna kayan ga. In mun dawo sai ka yi taka sallar."

Wato daga babban aboki na koma maigadi.

To, a nan ne fa ya kamata ku yi mini adalci. Ni a sanina kamara duk ɗaya ce da ta mai hoton kasuwa: sai mutum ya sa ido ya danna take ɗauka. Na ga wata 'yar jar fitila tana ci a goshinta, na ɗauka alamar batir ce. (Malamin makaranta fa, wanda ke koyar da kimiyya a aji shida.)

Na duba gabas, na duba yamma, ba kowa sai awaki. Na matsa gaban kamarar, na ga fuskata a gilashinta, na gyara gashin baki. Daga nan na ɗauki hular ango na kafa a kaina, na karkata ta, na zauna a kujerarsa na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Na ɗaga hannu ina gaishe da kujerun da ba kowa a kansu, a hankali, irin na manyan mutane.

"Jama'ar Bungudu," in ji ni, "ku kalli angon gaskiya. Wancan na ɗazu samfur ne."

Da na ji abin ya yi mini daɗi sai na tashi na kwaikwayi tafiyar Lawali, yadda yake jefa ƙafar hagu waje. Na dawo na nuna kamarar da yatsa. "Ke ma haya aka ɗauko ki, kar ki yi mini kallon raini. Wanga Lawali da kike gani, ko raba goma gida biyu sai ya leƙi littafina. Bidiyon nasa ma gwanjo ne."

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma sai na koma na zauna, na cire hular ina jujjuya ta a hannu, murya ta yi ƙasa, na ce, "Ya Allah, ni mi na yi? Ko talabijin mai baƙi da fari ne Ka ba ni." Na share ido da hannun sabuwar shadda. Ina jin an sallame na mayar da hular, na koma gindin randa na tsaya kamar mutumin kirki.

Bayan biki kowa ya zuba ido. A lokacin al'ada ce kaset ɗin biki ya yi yawo gida-gida, duk inda akwai bidiyo a taru a nemi fuskar juna. Mako biyu, mako uku, shiru. Daga ƙarshe Lawali ya ce wa mutane su yi haƙuri, bidiyo ya tauna kaset ɗin tun ranar farko, ba abin da ya rage. Amarya ta yi fushi, surukansa suka ce sakaci ne, mahaifiyarsa ta daɗe tana yi masa gori.

Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, ranar har da ƙarin tuwo na ci. Kuma ban bar maganar ta mutu ba. Fiye da shekara ashirin, duk taron suna ko biki, sai na tayar wa Lawali da ita: "Alhaji, a ɗauko mai kamara ne? Ko bidiyon naka har yanzu yunwa yake ji?" A yi dariya, shi ma ya yi murmushi ya ce, "Kai dai Malam, ba ka mantuwa."

Ana nan zamani ya juya. Shagon hayar kaset na bakin kasuwa ya koma wurin cajin waya. Yanzu ba mai tara takalma a ƙofar wani don kallo, kowa da sinimarsa a aljihu. Matata tana tuƙa tuwo tana bin fim mai dogon zango a waya, 'ya'yana kowa ya toshe kunne a kusurwarsa, har mai shayin ƙofar makaranta wa'azi yake kallo kai tsaye daga wata ƙasa. A raina na ji sanyi, don abin da Lawali ya fi ni da shi ya zama tarkace. Ni kuma na zama hedimasta, ana ce mini "ranka ya daɗe."

Sai wata Talata, lokacin tara, na nufi ɗakin malamai zan yi musu faɗan makara. Tun daga baranda na ji dariya. Na leƙa, na ga sun yi cincirindo a kan waya ɗaya. Kafin in yi gyaran murya sai na ji wata murya siririya, mai ji da kanta, tana cewa, "Jama'ar Bungudu, ku kalli angon gaskiya."

Ina tsaye a bakin ƙofa na ji batun raba goma gida biyu, na ji batun gwanjo. Da aka zo wurin "mai baƙi da fari," wata malama ta faɗi kan benci tana riƙe da ciki. Sannan suka gan ni. Mai wayar ya rasa inda zai sa ta, sai ya cusa ta a aljihu, ni kuma na ci gaba da jan hanci daga cikin aljihunsa.

Ashe Hauwa ce, babbar 'yar Lawali. Ta tsinci kaset ɗin a ƙasan akwatin babanta, naɗe cikin tsohon rawani, ta kai aka juye mata shi, ta ɗora a shafin kallon bidiyo na intanet don ta ba iyayenta mamaki. Farkon kawai ta kalla. Kafin ta ankara wani ya yanko wurina, ya shiga wayoyi daga Tsafe har Wonaka.

Ban jira an tashi ba na hau mota zuwa Gusau. Duk hanya abu ɗaya nake tunani: abotar shekara arba'in ta ƙare yau, kuma ni na kashe ta da bakina. Na tarar da shi a zaure yana yanke farce. Hauwa ta fito ta durƙusa, ido ya yi ja. "Baba Malam, wallahi ban kalla har ƙarshe ba. Na sauke shi." Na ce ta tashi, ba ita ta sa hular ba.

Da ta shiga na kasa ɗaga kai. "Alhaji, ka gani?"

"Awo," in ji shi. "Tun ranar da mai kamara ya kawo shi na gani. Ni kaɗai, na rufe ƙofa."

"Kenan bidiyo bai tauna shi ba."

"Lafiyarsa lau. Gwanjo ne, amma bai cin kaset."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tuna fushin amarya, na tuna gorin mahaifiyarsa, na tuna duk taron da na sa aka yi masa dariya yana murmushi. Na ce, "To mi ya hana ka nuna? Ko ka yi mini magana?"

Ya ajiye rezar. "In na nuna, da wane ido za ka shiga Bungudu? Kuma ni laifina ne. Sanusi don mota na ɗauke shi, ban yi maka bayani ba. Da na ga kana share ido da hannun riga, ni ma sai da na share." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma tafiyar tawa ba ka iya ba. Ƙafar dama nike jefawa."

Muka yi dariya har ya kama tari, tawa dai rabinta kuka ce.

An sauke bidiyon, amma abin da ya shiga waya ba ya fita. Har yau in na ratsa kasuwar Tsafe sai wani tsohon ɗalibina ya ɗaga mini hannu a hankali, irin na manyan mutane, ya ce, "Barka da zuwa, angon gaskiya." Nakan amsa, don ba ni da bakin musu.

Darasin da na koya guda biyu ne. Na farko, duk abin da ke da jar fitila a goshi, ko firji ne, ba na magana a gabansa. Na biyu kuwa ya fi ciwo. Na shafe rabin rayuwata ina yi wa mutumin nan hassadar talabijin, ashe ba a nan ya fi ni ba. Yanzu talabijin ɗina ya fi nasa faɗi, na auna da kaina ranar da na je. Amma in da ni ne na riƙe kaset irin wannan a kansa, wallahi ko kwana ba zai yi a akwati ba.

Wannan halin nasa shi ne abin da nake yi masa hassada a kai yanzu, kuma na duba, ba a sayar da shi ko a gwanjo.