Ranar da Na Durƙusa wa Jikokina

Ni ne wawan labarin nan, gara in faɗa da bakina. 'Yata Rabi ta tafi Kano haihuwa, ta bar mana yaranta uku a unguwarmu ta Mile One. Da kewa ta dame ta sai ta bugo waya: "Baba, a turo min hotonsu suna wasa, ba a tsaye ƙiƙam ba."

Na ce aikin minti biyu ne. Amma da sun hango ni sai su watsar da wasan su durƙusa: "Kaka, ina wuni?" Ni kuma na ƙagu in ga abin da suke yi in babu babba. Na laɓe bayan wani keke mai ƙafa uku, na tsuguna ina saita waya. Mai keke ya sami fasinja, ya ja abinsa. Gwiwa ta ƙi miƙewa. Yaran suka rugo suka durƙusa gabana, Mama Ngozi mai gasa masara ta ɗauke mu a wayarta.

Hoton da Rabi ta samu ke nan. Har yau mahautan layinmu in sun gan ni sai su tsuguna. Na ce wa matata Hajiya ai dabarar masu hoto ce.

Ta ce, "Alhaji, ko ranar neman aurena ba ka yi ƙasa haka ba."