Ranar da Na Auna Kuran a Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da azumin shekarar farin nan ba, zamanin soja, ina sabon malamin lakkwal, wato makarantar boko, a Tawa, ana ce mini Mushe kamar yadda ake kiran malamai a can. Na sayi wata na'ura wajen wani ɗan Sakkwato, multimita, mai allura da waya ja da baƙa, ta auna kuran, wato wutar lantarki. Na zaɓe ta don ta fi sauran girma da ƙyalli (takardarta da Ingilishi take, ban ko buɗe ba). Rediyona kaɗai na taɓa gwada ta a kai, amma duk unguwa ta ji labari.

Ina neman auren Hadiza a lokacin. Uwarta Hajiya ƙanƙara take sayarwa, da ita take ciyar da dangin da fari ya koro daga Affala. Rannan da la'asar firigon ƙanƙarar ya tsaya, aka aiko kirana.

Na saka babbar riga (don Allah wa ke gyaran kuran da babbar riga?), na tsuguna na gaisa, kai a sunkuye. Mata suka kewaye ni. Na bayyana musu cewa sai an fara auna ramin kuran na bango. Abin da ban duba ba shi ne maɓallin na'urar: yana nan wajen amper inda na bar shi, ban maida shi wajen bolt ba, inda ake auna kuran na bango.

Ina cusa wayoyin sai tau! Tartsatsi, hayaƙi, fanka ta tsaya, gida duka ya mutu. Ni kuwa na yi baya na zauna daɓas cikin kwanon kunun buɗa baki, ina kiran "Inna!" da murya irin ta ɗan yaye. A gaban surukuwa.

Hajiya ta dube ni, ta dubi bangon da ya yi baƙi.

"To Mushe, mi allurar tac ce?"

Sai washegari aka gyara layin. Ƙanƙarar ta narke, kunun ya tafi a rigata, kuma Hadiza ta yi mako tana dariya in ta hango ni. Auren dai an ɗaura, amma har gobe dangin Affala Mushe Tau suke ce mini, har jikokinsu.

Yanzu kafin in taɓa bango sai na duba maɓalli, na sake dubawa. In kuma gidan surukai ne, ce musu nake ni alli kaɗai na iya riƙewa.