Gejin da ya fi kowa tsawo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauko gawar Buba ba, ko da yake yanzu tsufa ya sa ina manta inda na ajiye hulata alhali tana bisa kaina.

Ina da tsohuwar a-kori-kura, da ita nake kai wake da gero daga Wagini zuwa kasuwar Batsari. Injin da ke cikinta ba nata ba ne, wani aka ciro daga wata motar aka dasa mata tun kafin ta zo hannuna. Ni ne direbanta, ni ne kuma bakanikenta, don na yi boko har aji huɗu, kuma a unguwarmu Injiniya ake ce mani. (Ni na fara kiran kaina haka. Mutane suka ga babu riba a musu da ni.)

Mota tana da wani siririn ƙarfe da ake zura wa inji a zaro, a ga inda baƙin mai ya tsaya. Geji ake ce mashi. Nawa na zaro shi wata ranar kasuwa, wani ya yi mani sallama, na ɗora shi kan buhun wake, aka loda buhun a babbar mota. Ina jin yanzu haka yana kudu. Na toshe ramin da totuwar masara, na shiga neman wani.

Buba ne ya raka ni. Bafulatani ne, rugarsu tana gaba da mu ta wajen Zakka, tun muna samari muke zagin juna. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai Kaɗo. Muka je wajen masu sayar da tsofaffin kayan mota, mai rumfar ya zube mana geji dami guda a ƙasa, ya ce, "Baba, zaɓi wanda ya yi maka." Wani gajere, wani mai lanƙwasa, wani mai jan zobe. Na tsuguna na gyara tabarau, na yi nazari irin na masu ilimi. Kowa a ƙasar nan ya san abin da rani ke yi wa rijiya: mai gajeruwar igiya ya koma gida da guga a bushe, mai doguwa ya sha ruwa. Sai na ɗauki wanda ya fi kowane tsawo.

Buba ya ce, "Kaɗo, wannan na mota ne ko na tsire?"

Na ce, "Kai da ba ka san komai ba sai gindin saniya, yi shiru a yi aikin ilimi."

Ya ce, "Saniyata in ta ji ƙishi kuka take yi. Taka sai an zura mata tsinke a ciki an tambaye ta. Wallahi bijimi ya fi ta mutunci."

Gejin ya shiga, da ɗan turawa. Na zaro, mai ya haye layin sama har ya wuce. Daga ranar ban ƙara zuba wa motar baƙin mai ba. Kullum da safe in zura in zaro, cike. Damina ta wuce, kaka ta zo, cike. Duk inda na kwana da ita sai an ga baƙin tabo a ƙasa, amma na ce zufa ce. Fitilar da ke gargaɗi kuwa ta daɗe da mutuwa. Har a majalisa nake cewa motata albarka gare ta, ba ta shan mai, kuma na ga masu gyaɗa kai.

A cikin wannan shekarar aka kore garken Buba, aka bar mashi bijimai biyu na huɗa waɗanda suka kwana a gona. Bai yi kuka ba, amma ya daina zagina, nan na san ba lafiya. Da ciwo ya kwantar da shi ni na kai shi asibiti a Batsari. A gadon ya kama hannuna ya ce, "Kaɗo, in mutuwa ta zo a nan, kada ka bari a rufe ni a gari. Ka kai ni kusa da babana." Na ce ya daina maganar banza. Ya ce, "Ka dai ji."

Ta zo da hantsi. Babban ɗansa Sale ya buga waya gida aka fara haƙa, aka sanar da jama'a sallah bayan azahar. Dole a yi da wuri, don hanyarmu ba a bin ta in rana ta yi sanyi, kowa yana son la'asar ta same shi a gida. Wani ya ce a nemi motar haya. Na ce ina raye? Ni na yi alkawari. Kafin mu tashi har na buɗe gaban mota na zaro geji na nuna wa Sale, don hankalinsa ya kwanta.

Muka shimfiɗa tabarma a baya, aka lulluɓe shi, Sale da kawunnansa biyu suka zauna gefensa. Mun wuce Wagini, mun sauka daga kwalta, sai na fara jin ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar ana dakan ƙarfe a turmi. Na ce tsakuwa ce. Sai wari. Sai motar ta yi wani tari, ta girgiza, ta tsaya cak tsakiyar gonaki. Ko juyawa injin ya ƙi yi.

Masu babura da ke kan hanyar zuwa jana'izar suka tsattsaya. Wani ya ce, "Injiniya, ko ba mai?" Abin ya ɓata mani rai ƙwarai. Na zaro geji na ɗaga sama, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina nunawa. "Ku duba! Cike! Wanda ya yi makaranta ya karanta!" Hayaƙi yana tashi a bayana, aminina yana kwance cikin rana, ni kuwa ina yawo da tsinke kamar mai tallan tsire.

Ana haka sai ga wata a-kori-kura sa'ar tawa, an labta mata itace har sama an ɗaure. Direban ya sauko ya yi mana ta'aziyya, ya leƙa injina ya ce irin nasa ne. Ya zaro nasa gejin ya goge a tsumma, ya ce, "Baba, kawo naka." Ya jera su. Nawa ya ɗara nasa da kusan taƙi guda. Ya zura nasa a injina ya zaro. Ƙarfe fari tas, ko danshi babu. Ashe duk watannin nan nawa can ƙasan tukunya yake zuwa yana lasar ɗan abin da ya rage, ya dawo ya ce mani rijiya cike take.

Babu wanda ya yi dariya. Da sun yi da ya fi mani sauƙi. Sale ya dube ni, idonsa ja, ya ce a hankali, "Ba komai, Baffa. Haka Allah ya so." Ɗaya daga cikin kawunnan ya ce in lokaci ya ƙure a rufe shi a ƙauyen da ke kusa, ƙasa duk ta Allah ce.

Da a waccan motar za a sa shi, amma sauke itacen nan kaɗai zai ci yinin, babur kuma ba ya ɗaukar gawa a wannan rairayi. Sale ya buga wa ƙanensa waya. Muka ja tabarmar zuwa inuwar wata bishiyar bedi muka zauna. Can sai ga amalanke, bijiman nan biyu da suka rage suna ja. Aka shimfiɗa harawa, aka ɗora shi. Na bi su a ƙasa, da gejin a hannuna, don na rasa inda zan ajiye shi.

Mun isa rana ta yi ja. Yawancin jama'a sun jira har sun gaji, tsoron hanya ya mayar da su gida. Mutumin da ya isa a cika fili dominsa, 'yan tsiraru ne muka sallace shi. Amma kusa da babansa aka sa shi. Bijimai ne suka cika alkawarin, ni rakiya na yi.

Motar tana nan bayan gida, kaji na ƙwai a cikinta. Gejin na rataye shi a zaure. Abin da na koya, in mai karatu yana da tsohuwar mota: geji na injinsa ake nema, a je da motar, a gwada da na irinta, kada a kai hankalin rijiya kasuwa. Kuma duk abin da kullum yake ce maka lafiya lau, to a ƙara tambayar wani. Ni mai faɗa mani gaskiya guda ɗaya gare ni, ya kuma ce bijimi ya fi motata mutunci. Ko a ranar ƙarshe sai da ya ci gardamar, ya tafi bai ba ni damar ramawa ba.