Rasuwar Allon Gilashi na Aji Shida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, mai makaranta yake sanar da iyayen yara, malamai, da masu dariya a ɓoye, rasuwar babban allonmu na gilashi, wanda ya cika ranar Talata ana tsakiyar darasin lissafi.

Marigayin ya zo makarantar nan a cikin kwali, sai da ƙarti suka taru kafin a sauke shi. Mai makaranta bai yi karatu mai nisa ba, kuma ba ya ɓoyewa, amma ya san abin da ke sa uba ya taka birki a ƙofar makaranta. Shi ya sa aka kafe marigayin a ajin da tagarsa ke kallon titi. A ranar ya sa aka ciccire allunan katako na duka azuzuwa aka jibge a bayan bayi, ya kuma ce duk malamin da aka kama da alli a aljihu ya nemi wani aikin. Ba a kawo canji da lallashi.

Marigayin mai biyayya ne, yatsa kawai yake jira. Da safe zai ce "tilin-tilin", ya kawo haske, ya nuna wa yara zuciyar mutum tana bugawa. Bai taɓa neman hutun haihuwa ba, bai taɓa cewa ciwon baya ya hana shi tsayuwa ba. In an ɗauke wuta yakan ce "fit" ya yi shiru, wannan kuwa ba laifinsa ba ne.

Ajalinsa ya zo ne da wuta ta daɗe ba ta leƙo ba, ga jarrabawa ta matso. Dattijon malamin lissafi, kawun matar mai makaranta, wanda dama don darajar aure ake riƙe da shi, ya zaga bayan bayi ya jajibo allon katako, ya aro guduma da ƙusa, wai zai rataya shi a kan marigayin kafin wuta ta dawo. Ya ce ya zaci gefen marigayin na katako ne. A bugu na biyu marigayin ya ce "ƙas", ya tsage daga sama har ƙasa. Yara sun shaida cewa malamin ko salati bai yi ba. Ya gama rataye katakonsa, ya zaro alli, ya ci gaba da darasi.

Marigayin ya bar rimot guda, da igiyar wuta, da kwalinsa, da sauran azuzuwan da har ya rasu layin samun irinsa bai zo kansu ba.

Matar mai makaranta ta yi kuka. Ta ce kawu ya tsufa, yana da ƙananan yara a gabansa, idonsa ɗaya ma ya fara mutuwa. Mai makaranta ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce idon da ya ga kan ƙusa zai ga hanyar gida.

Za a sauke gawar ranar Juma'a bayan taron safe, a gaban ɗalibai duka. Malamin ne zai ɗauki kai, maigadi ya kama ƙafa, har zuwa sito. Daga nan ya ajiye makullin aji, ya fita ta ƙaramar ƙofa, kuma kada wanda ya raka shi. Ana karɓar ta'aziyya a ofis. Masu niyyar zuwa roƙo kada su wahalar da takalmansu.